Ki Sha Wayarki Yadda Likita Ya Tsara

Saura mako uku a kama azumin 2026 na ɗauko kwalin. Daga dutin dare na taso, ko gida ban biya ba na tsaya a shagon masu buga takardu, na cika musu fam 90 daga aljihuna, na ajiye kwalin a kujerar baya ina jin daɗi kamar wadda ta ɗauko lefe. Sai da na haɗa shayi na zauna a kicin sannan na yanke salatif ɗin. Takarda 300 ce a ciki, ta wayar da kai ga matanmu masu ciwon suga da ke son yin azumi a nan Mancesta. Na zaro ta sama na fara karantawa. Layi na uku ya ce: "Ki sha wayarki yadda likita ya tsara."

'Yar'uwa, ƙwayarki na rubuta. (Na ce 'yar'uwa don na san yawancinku mata ne, mazan da ke leƙowa ku yi haƙuri, da ku ma nake.) Na ci gaba da karatu. Inda na ce kada ki ƙara allura da kanki, takarda ta ce kada ki ara allura. Masu ciwon ƙoda sun koma masu ciwon oda. Duk wani ƙ da ɗ da ɓ ya yi ɓatan dabo, sai ɗan fili fari a gurbinsa kamar giɓin haƙori. Wannan kam ya ba ni dariya, irin dariyar wadda ta yi awa goma sha biyu a tsaye.

Launi ne ya tsayar da dariyar. Na tsara takardar da gida uku. Kore: suga yana daidai, ki ci gaba da azuminki. Ruwan ɗorawa: yana tsakanin 4 da 5, ki sake gwadawa kafin awa ɗaya. Ja: ya sauka ƙasa da 4, ko ya haura 16.6, ki karya azumi yanzu, ba sai magariba ba. Na yi haka ne saboda iyayenmu da ba su karanta boko sosai, amma suna iya duba lambar da ke jikin na'urar gwaji su nemo gidanta. A fuskar kwamfutata jan nan kamar jini yake, ɗorawar tana haske. A takarda koren ya koma kalar miyar kuka, jan ya koma jan bulo, ɗorawar ta yi duhu ta matso kusa da shi. Ni da nake da lafiyar ido sai da na kai takardar bakin taga. To ina ga Hajiyar da ta haura saba'in, wadda sugan ya riga ya taɓa mata ido? Gida biyun da bai kamata su yi kama ba, "dakata" da "karya", su ne suka zama 'yan uwa.

Na mayar da takardar, na rufe kwalin, na tura shi ƙarƙashin bene.

Kafin in gaya miki laifin waye, sai na koma baya wata huɗu. Muna da laftof ɗaya a gida da ta kai shekara goma, lafiyarta lau, sai nauyin jiki irin na tsufa. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10, ita kuma tamu ba ta cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Akwai hanyar ƙara shekara ɗaya, amma ƙanin maigidana, wanda aikinsa ke nan, ya ce jinkirta jana'iza ne kawai. Shi mutumin Linux ne, kuma in kin taɓa zama da mutumin Linux kin san ba ya rasa wa'azi. Ya zo ranar wata Lahadi da ɗan filas a aljihu, ya ci tuwo, ya kwashe mana hotuna da takardu gefe, ya goge komai, ya zuba Linux Mint.

In ba ki san shi ba, Linux uwar manhaja ce kamar Windows, wadda sauran manhajoji ke zama a kanta. Wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya faro shi a 1991, ya bar shi a buɗe: kowa na iya ganin yadda aka ƙera shi, ya gyara, ya raba, ba a biyan ko sisi. Wayar Android da ke hannunki a kansa aka gina ta. Kuma gaskiya tsohuwar laftof ɗinmu ta farfaɗo. Da can in na kunna ta sai na je na yi alwala na dawo. Yanzu kafin in gyara zama ta buɗe. Na yi kwasa-kwasan wurin aiki a kanta, na biya kuɗin wuta, na yi hira da Umma a Zariya. Na sa wa Baffan yara albarka har sau biyu.

Mutum ɗaya ce ban tambaya ba, babbar 'yata.

Shekararta goma sha takwas, tana karatun zane a kwaleji, zanen tambari da fosta da bangon littafi da tsarin mujalla. Ranar tana gidan ƙawarta. Da ta dawo ta buɗe laftof, ta yi shiru, sannan ta ce, "Mama, ina Illustrator?" Na ce ai Baffanki ya sa miki wasu, kyauta ma. Ta kalle ni irin kallon da nake yi wa ɗan'uwan majinyaci idan ya ce ya karanta a intanet cewa a daina maganin. Photoshop da Illustrator da InDesign, ukun da ake koya musu aiki da su, babu ko ɗaya da Adobe ke yi wa Linux. Windows ne ko Mac. Baffa ya dawo da dare ya gwada wata dabara da ake kira Wine, wadda ke sa manhajar Windows ta zaci tana gida. Har ƙarfe ɗaya suna fama. Wani abu ya buɗe ya rufe kansa, wani bai ma yarda ya shiga ba.

A lokacin ban ga girman abin ba. Na yi tunani irin na nas: farasitamol farasitamol ne, ko an rubuta Panadol a kwalin ko ba a rubuta ba. Wanda ya san magani ba ya biyan kuɗin suna. Ga GIMP na gyaran hoto, ga Inkscape na zanen layi, ga Krita na fenti, ga Scribus na tsara shafi. Me ya rage? Na faɗa mata haka, har da ƙarin cewa mu a zamaninmu littafi ɗaya muke rabawa mu biyar. Ta ce, "Mama, in an ɗauke ki aiki a asibitin da kowa ke rubutu a fayil iri ɗaya, ke kika zo da naki daban, wa zai karɓi duti daga hannunki?" Na ce ta daina yi mini rashin kunya. Ta koma zaman ɗakin kwamfutar kwaleji har sai mai gadi ya zo rufewa, tana dawowa cikin duhu da sanyin Disamba, ni kuma na ci gaba da ganin ina da gaskiya.

Don haka da na zo yin takardar azumi, da gayya na ƙi neman taimakonta. Na ce bari in nuna mata. Na nuna wa abokiyar aikina da ta ƙware kan ciwon suga abin da na rubuta, na kai wa malamin masallacinmu ya duba maganar cewa tsaga yatsa a gwada jini ba ya karya azumi. Sannan na zauna da Inkscape dare huɗu. Kuma ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. A fuskar kwamfuta.

Ga abin da ban sani ba. Fuskar kwamfuta da haske take yin launi: ja da kore da shuɗi, tana haɗa su tana haska miki ido. Injin buga takarda kuwa tawada yake zubawa, kala huɗu: wani shuɗi-shuɗi, wani ja mai kama da hoda, rawaya, da baƙi. Masu sana'ar suna kiran na farko RGB, na biyu CMYK. Akwai launukan da haske ke iya yi waɗanda tawada ba za ta taɓa kaiwa ba, musamman kore mai sheƙi da ruwan lemo mai ƙyalli. Dole wani ya fassara daga wannan zuwa wancan, kuma in ba ke kika fassara kina gani ba, inji zai fassara miki yadda ya ga dama. Inkscape da harshen haske yake magana. A lokacin da nake wannan aiki ba ya fitar da fayil ɗin tawada huɗu kai tsaye. GIMP ma, duk da babban sabon zubinsa na 3.0 da ya fito a Maris 2025 bayan shekara bakwai ana jira, bai ba ki damar yin aikin gaba ɗaya cikin launin tawada ba. Manhajojin da 'yata ke nema kuwa tun daga buɗe sabon shafi suke tambayarki: na allo ne ko na takarda?

Haruffan kuma hanyarsu daban. Masu shagon sun ce in turo ainihin fayil ɗin don su ƙara ɗan baki a gefe saboda yanka. Na tura. Suka buɗe a tasu manhajar, ba su da zubin haruffan da na yi amfani da shi, manhajar ta musanya da wani da bai san da zaman Hausa a duniya ba. Sun turo mini samfuri in duba, wannan hakkinsu ne in faɗa. Ƙarfe huɗu na asuba na buɗe shi a waya, ina hutun minti ashirin, ido rabi a rufe. Na ga gida uku, na ga hoton na'urar gwaji, na rubuta musu "ya yi". Ni da ba na ba da allurar insulin sai wata ta duba tare da ni, na sa hannu kan takarda 300 ban karanta ba. Saurayin da ke shagon ba ya jin Hausa. A wurinsa "waya" da "ƙwaya" duk ɗaya.

Kwana biyu kwalin yana ƙarƙashin bene kafin 'yata ta gano shi tana neman takalmi. Na ji dariyarta daga sama. Ta sauko da takarda a hannu tana share hawaye, "Mama, wace wayar za su sha, iPhone ko Samsung?" Sannan ta ga fuskata, ta ja kujera ta zauna.

A wannan daren ne na fara saurarenta da gaske, kuma daga baya na bi diddigin maganar, don abin ya tsaya mini a rai. Ashe ba ita kaɗai ba ce. Akwai mutane da yawa, masu zane na sana'a, da suka gaji da Windows ko kuɗin Mac ya fi ƙarfinsu, suna son komawa Linux, abu ɗaya ke riƙe su: kayan aikinsu ba sa can. Shekara da shekaru suna roƙon kamfanoni. Abin da ya ba ni mamaki, ba kyauta suke nema ba. Cewa suke ga kuɗinmu, ku sayar mana. Ni da na taso ina ganin mai kaya na bin mai saye, ban taɓa ganin mai saye na bin mai kaya yana magiya ba sai a nan.

Hujjar kamfanoni ba ɓoyayya ba ce. Masu Linux a kwamfutocin gida da ofis 'yan kaɗan ne, wajen kashi 4 cikin 100 a ƙididdigar da ake yawan ambata. Kuma Linux ba ɗaya ba ne: akwai Ubuntu, akwai Fedora, akwai Mint irin namu, akwai wasu da dama, kowanne da ɗabi'arsa. Duk wanda ya sayar da manhaja dole ya ɗauki ma'aikatan da za su amsa waya in ta lalace. Sai su ce babu kasuwa. Masu zane kuma su ce ta yaya kasuwa za ta ci alhali kun ƙi kawo kaya? Wancan na jiran wannan, wannan na jiran wancan, kamar mata biyu da suka yi faɗa kowace na jiran a fara gaishe ta.

An taɓa gwadawa, ba a ce ba. In kin taso a Arewa kin san CorelDRAW ko da ba ki san sunansa ba. Duk katin ɗaurin aure, duk kalandar biki mai hoton amarya cikin fure, duk sitikar suna da ake liƙa wa bokiti, daga hannun wani yaro a shagon kwamfuta suka fito, kuma galibi da shi ya yi. Katin aurena ma haka. Ina tsaye a kansa ina cewa ya ƙara girman sunan Babanmu. Ba na jin akwai wanda ya taɓa tambayar inda faifan ya fito. To kamfanin Corel ɗin nan ya fitar da CorelDRAW na Linux a shekarar 2000, bai daɗe ba ya janye. Adobe kuwa a 2013 ya daina sayar da manhajojinsa saye na har abada, ya koma karɓar kuɗi wata-wata, kamar haya. Wannan ya sa da yawa suka juya ga Affinity, wanda kamfanin Serif na Nottingham, nan cikin Ingila, ya ƙera, ana saye sau ɗaya a huta. A 2024 Canva na Ostareliya ya sayi kamfanin, a ƙarshen Oktoba 2025 aka mayar da Affinity kyauta. 'Yata ta ce ranar har tsalle ta yi, sannan ta karanta ƙasa: Windows da Mac. Mako biyu kacal bayan Baffanta ya goge Windows ɗin.

Abin da ya hana ni yarda cewa Linux ne bai iya ɗaukar manyan kaya ba shi ne fim. Manyan kamfanonin da ke haɗa dabarun fina-finan Amurka a kan Linux suke aiki, kuma manhajoji masu tsada irin su Maya da Houdini da DaVinci Resolve duk suna da zubin Linux. Can an ga kuɗi, kaya suka je. Sai kuma labarin Blender, wanda na fi so. Kamfanin da ya mallake shi a Holan ya durƙushe, a 2002 mai shi Ton Roosendaal ya nemi jama'a su haɗa yuro 100,000 a fanso shi, cikin mako bakwai aka haɗa, aka sake shi ga kowa. Adashi ke nan, ba wani abu ba. A 2025 wani fim na ƙasar Latbiya mai suna Flow, labarin wata kyanwa cikin ambaliya, wanda aka yi da Blender, ya ci Oscar. Autana ya kalle shi ya fi sau biyar. Wato buɗaɗɗiyar manhaja na iya kaiwa ƙololuwa in ta sami masu zuba mata kuɗi da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai ita. Su GIMP da Inkscape da Scribus yawanci 'yan sa-kai ne ke riƙe da su, mutanen da ke tasowa daga nasu aikin su zauna da dare. Na san irin wannan gajiyar. Da na gane haka sai na ji kunyar tsakin da na yi wa Inkscape.

Inda misalina na farasitamol ya karye shi ne, ƙwaya ba ta bukatar ta dace da wata ƙwaya. Kin haɗiye, shi ke nan. Aikin zane kuwa miƙa shi ake yi: daga mai zane zuwa abokin aiki, zuwa mai kaya ya ce a canza, zuwa maɗaba'a. Ya fi kama da bakin sirinji. A wurin aikinmu sirinjin abinci shunayya ce, kuma da gangan aka ƙera bakinta yadda ba zai shiga robar jijiya ba, don an taɓa rasa rayuka ta wannan kuskuren. Duk sauran kuma an daidaita su, kowane kamfani ya yi, baki ɗaya ne, ba ruwanki da wanda ya ƙera. A duniyar zane ba a yi wannan yarjejeniyar ba sai kaɗan. Inkscape zai buɗe fayil ɗin Illustrator, GIMP zai buɗe na Photoshop, amma sau da yawa wani abu ya zube a hanya, rubutu ya goce, inuwa ta ɓace. Mai zanen da ke aiki shi kaɗai zai iya rayuwa a Linux, akwai masu yi. Yarinyar da za ta nemi aikinta na farko, wadda kusan kowace sanarwar neman ma'aikaci ke lissafa mata sunayen manhajojin nan uku, ba ta da wannan gatan. Gaskiyar 'yata ke nan, kuma wata huɗu na ɗauka kafin in ji ta.

Baffan yara har yau bai yarda ba. Ya ce in kowa ya ci gaba da miƙa wuya ba ranar da abin zai canza. Na ce masa haka ne, amma ba da 'yata za a yi wannan jihadin ba.

Takardar dai muka sake, a wannan laftof ɗin, don babu wata kuma babu lokaci. Ita ce a kan kujera, ni a gefe da kofin shayi. Ta ɗauki zanena daga Inkscape ta shigar da shi Scribus, wanda shi ya san launin tawada. Ta yi ta gunaguni: wannan maɓallin ba a nan ya kamata ya kasance ba, abin da zan yi da dannawa ɗaya sai na yi huɗu. Amma ta yi. Ta haɗa jan da hannu, ta ce a cika hoda a cika rawaya, kada a sa baƙi ko ɗigo. Ta mayar da ɗorawar rawaya tsantsa don ta nisanta. Sannan ta faɗi abin da ya nuna mini ba a banza take zuwa kwalejin ba: "Mama, ko launin ya fito daidai, kada ki dogara da shi shi kaɗai. Akwai waɗanda ba sa bambance ja da kore tun haihuwa." Ta sa tafin hannu a ɗage cikin gidan ja, agogo cikin rawaya, alamar maki cikin kore. Shekara ashirin ina aikin jinya, na san da wannan matsalar ido sarai, amma ban kawo ta nan ba.

Haruffa muka koma kan Andika, wani zubi da ƙungiyar SIL ta yi musamman don masu koyon karatu, yana da ƙugiyoyinmu duka, manya da ƙanana, kuma kyauta ne. A wajen nemansa muka ci karo da abin da ban zata ba. Ƙungiyar tana da wani mai suna Alkalami, ajami ne irin rubutun Kano, mai kauri, irin wanda muka taso muna gani a allo. Scribus kuma yana iya rubutu daga dama zuwa hagu. Na kira Malam, ya zo da matarsa bayan isha'i, ya rubuta mana layuka ukun da suka fi muhimmanci da ajami, muka yi ta laluben haruffa ɗaya bayan ɗaya. 'Yata da ta bar Islamiyya tana kuka tana shekara goma sha biyu, ga ta tana gardama da Malam kan inda ɗigo zai zauna. Ban ce komai ba. A nan kam buɗaɗɗen kaya ya yi mana abin da ban taɓa tunanin nema a wurin kowa ba, don ba na jin akwai kamfanin da zai zauna ya lissafa ribar Hajiyoyi talatin masu karanta ajami a Mancesta.

Ta fitar da shi a PDF, irin wanda maɗaba'a ke so, haruffan a ƙulle a ciki yadda ba mai musanya su. Ta ce in sani PDF ɗin ma Adobe ne ya ƙirƙiro shi a 1993, daga baya a 2008 ya zama ma'aunin duniya da kowa ke iya amfani da shi. Wato bakin sirinjin da ya cece mu daga gidansu ya fito. Wannan karon na je shagon da kaina na ce a buga mini guda ɗaya in riƙe a hannu. Na karanta ta a tsaye, da ƙarfi, harafi-harafi, saurayin yana kallona. Wani fam 90 ɗin ya tafi.

Bayan sallah na karɓi dutin ƙari na Asabar shida a jere, ƙafata ta kumbura, muka sayo mata kwamfuta ta hannu mai ɗaukar Windows 11, ta ci gaba da aiki da lasisin ɗalibai na kwalejinsu. Tsohuwar ta zama tawa ni kaɗai, da Linux ɗinta, kuma ba ni da niyyar canzawa. Na fara tura wa masu Inkscape 'yan fam kaɗan, abin da bai kai kuɗin shayin mako ba. Wani lokaci ina ganinta ta ɗauki tawa ta buɗe Krita tana fenti, ta ce burushinsa ya fi daɗin hannu. Ranar da su Illustrator suka zo Linux, in ji ta, a ranar za ta koma. Na ce Allah ya nuna mana. Takardu 300 na farko suna nan, bayansu fari ne, a kai muke rubuta cefane. Autana kuma duk wanda ya ce kansa na ciwo a gidan nan sai ya ce ya sha waya.

Ranar sha bakwai ga azumi, wajen ƙarfe huɗu na yamma, ina barcin rana kafin duti, wayata ta yi ƙara. Wata Hajiya ce daga cikin waɗanda na raba wa takardar a masallaci, sa'ar Ummata.

"Nas, na gwada. Uku da ɗigo shida. Ina cikin gidan mai hannun nan."

Na tashi zaune. Na ce Hajiya akwai lemon kwali kusa? Ta ce akwai. Na ce ki cika ƙaramin kofi ki shanye yanzu, bayan minti goma sha biyar ki sake gwadawa, ina kan layi.

"'Yar nan, saura awa biyu fa a sha ruwa."

Na ce na sani, Hajiya. Ki duba abin da Malam ya rubuta a ƙasan hannun. Ta yi shiru. Ina jin ƙarar takarda, ina jin tana haɗa baƙi a hankali, kamar mai tilawa. Sannan na ji an buɗe firij.

Da ta sake gwadawa ya hau biyar da ɗigo biyu. Na ce ta ci wani abu mai riƙe ciki, gobe kada ta ɗauki azumi sai ta yi magana da likitanta kan ƙwayoyin, kuma zan kira 'yarta. Ta ce to. Har zan ajiye ta ce, "Af, Nas. Ki gaya wa mai rubutun nan, ajamin ya yi ƙanana. Baɗi ta ƙara masa girma."